Abokin Zamana Bayahude Ne, Ana Tsangwamarsa a Jami'a: Ina Zan Kai Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina karatun digiri na biyu a wata jami'ar gwamnati a tsakiyar Amurka. Gidan da makaranta ta ba ni mu biyu ne a ciki, ni da wani yaro Bayahude. Wata takwas muna tare ban ga mugun hali a wurinsa ba, da azumi ma yakan jira ni in sha ruwa mu ci abinci tare. Sati uku da suka wuce wani ya ɓalle ɗan kwanson nan da suke maƙalawa a jikin ƙofa. Ya sa wani, aka sake ɓallewa, aka kuma zana tambarin 'yan Nazi a ƙofar. Tun daga ranar ya daina sa 'yar hularsa, ya daina zuwa lacca, ba ya barci, sai ramewa yake yi. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. 'Yan'uwanmu da na nemi shawararsu sun ce in cire hannuna, wai Yahudawa ne ke riƙe da Amurka, waya ɗaya zai buga a girgiza makarantar, in tuna da Gaza, in kuma tuna da bizata. Malam, hankalina a tashe yake. Akwai inda ake taimakon irinsa? Kuma ni, shiga maganar za ta jawo mini matsala?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maka da alheri da ka damu da maƙwabcinka. Na yi shekaru ina aiki a ofishin harkokin ɗalibai a nan ƙasar, kuma cikin duk abin da ka rubuto, rashin barcin nan da ramewar su suka fi tayar mini da hankali, sun fi ƙofar. Ƙofa kafinta zai gyara. Yaron da ya yi sati uku ba barci, ya ƙaurace wa aji, yana ɓoye ko shi wanene, shi ne ake bi da gaggawa. Yau ɗin nan ka zaunar da shi, ka tambaye shi kai tsaye ko tunanin cutar da kansa yana zuwa masa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, hanya take buɗe masa ya yi magana. In ya ce eh, ko ya yi shirun da bai kwanta maka ba, ku kira 988 tare, lambar agaji ce ta ƙasa baki ɗaya, dare da rana, tun 2022. In kuma ya ce a'a, gobe ka raka shi cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta makaranta. A yawancin jami'o'i kuɗinta yana cikin abin da kuka riga kuka biya, kuma abin da ya faɗa a can sirri ne, sai in ana tsoron rai zai salwanta. Wannan ya sha bamban da mai kula da ɗakunan kwana, wanda galibi dole ne ya kai rahoto sama. Ka bayyana masa bambancin nan, don tsoron tonuwar asiri shi ke hana yawancinsu motsawa.

Sannan yana da mutanensa a kusa, ko da bai taɓa leƙa su ba. Na farko ita ce Hillel, ƙungiyar ɗalibai Yahudawa da aka kafa a Jami'ar Illinois a 1923, wadda yanzu take da rassa a ɗaruruwan makarantu. A can zai sami malaminsu, wato Rabbi, ko ma'aikacin da aikinsa ke nan, zai sami abincin da addininsa ya halatta masa, kuma su suka san wanda ake samu a ofishin shugaban makaranta idan irin wannan ta faru. Na biyu gidan Chabad. Shi wannan gida ne sosai, malami da matarsa da 'ya'yansu ke zaune a ciki kusa da makaranta, kowace Juma'a da daddare suna shimfiɗa tabarma ga duk ɗalibin da ya zo cin abincin shigowar Asabar, ba a tambayar yawan ibadarsa. Ɗan kwanson da aka ɓalle, mezuza sunansa, ayoyin Attaura ne a naɗe a ciki, kuma waɗannan gidaje biyu kowannensu zai taimaka masa ya sami wani, har a zo a taya shi kafawa. Wanda aka wulaƙanta shi kaɗai a ƙofarsa, a ce mutum goma sun tsaya tare da shi a wannan ƙofar, ba ƙaramin magani ba ne.

Kada dai ka zaɓar masa. Hillel tana da matsayinta na goyon bayan Isra'ila da ƙa'idojin wanda take haɗa taro da shi, kuma akwai ɗalibai Yahudawa da wannan ya sa ba sa sakewa a can. Chabad kuma masu riƙo da tsohon tafarki ne, wani yaron da ya tashi a gidan da ba a tsanantawa zai ji baƙunta. In duka biyun ba su yi masa ba, akwai ofishin malaman addinai na jami'a, akwai majami'ar cikin gari, akwai ofishin taimakon iyalan Yahudawa da ake samu a yawancin manyan birane, suna da masu ba da shawara. Kai naka ka ce masa, “Wanne kake so in raka ka?”

Yanzu bari in zo kan maganar 'yan'uwanmu, don ita ce ta hana ni amsa maka a taƙaice. Wannan magana ta cewa Yahudawa ne ke riƙe da Amurka, don haka ɗansu ba ya buƙatar kowa, babu satin da ba na jin ta, daga bakin ɗalibai, daga bakin iyaye, har daga bakin mutane masu digiri uku. Na gaji da ita. Kuma ba don ƙarya ce kawai take ɓata mini rai ba, don na ga abin da take haifarwa ne.

Ka duba ɗakinka. Wanda aka ce waya ɗaya zai buga a girgiza makaranta, ga shi can a kwance ya kasa fita sayen burodi, ya cusa hularsa a aljihu, yana roƙonka ka rufa masa asiri. Ina ikon yake? Idonka ya ga gaskiya, amma ana so ka ƙaryata idonka ka gaskata saƙon WhatsApp.

Yahudawan duniya kaf ba su kai miliyan 16 ba, mutanen Najeriya kaɗai sun ninka su fiye da sau goma. A Amurka wajen kashi 2 cikin ɗari ne na jama'a. Amma a ƙididdigar da hukumar FBI ke fitarwa duk shekara, fiye da rabin laifukan ƙiyayya da ake yi saboda addini a kansu suke sauka. Eh, akwai masu arziki a cikinsu, akwai manyan lauyoyi da malaman jami'a. Akwai kuma ƙungiyoyi masu ƙarfi irin su AIPAC da ke kamun ƙafa a majalisa don Isra'ila, kamar yadda masu sayar da bindiga da kamfanonin magani suke da nasu, kuma duk wanda ya ga dama ya soki aikinta, Yahudawa da yawa ma suna suka. Amma akwai talakawa, akwai tsofaffin da ke jiran tallafin abinci, akwai yaran da bashin karatu ya yi wa katutu. In babu mabukata a cikinsu, me ya sa suka kafa ƙungiyar ba da rance marar ruwa a birnin New York tun 1892, wadda har yau take aiki, take kuma ba wa wanda ba Bayahude ba? Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan a birane da dama, suna ba da rancen karatu, kuma kai da addininka ya hana ka riba ya kamata ka san da su.

Jami'o'in da ake cewa nasu ne, ka san yadda suka shiga? A 1922 shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da za a riƙa ɗauka, don a ganinsa sun yi yawa. Ba a rubuta ƙayyadewar a doka ba, sai aka bi ta bayan gida, aka shigo da tambayar asalin iyaye da auna “hali” da yankin da mutum ya fito, har adadin ya sauka. Manyan jami'o'i da dama sun yi haka shekaru masu yawa. Hillel a wannan zamanin aka haife ta, shekara ɗaya bayan maganar Lowell. Mutanen da ke jin makaranta gidansu ce ba sa buƙatar gina irin wannan mafaka.

Ita kanta tatsuniyar tana da uwa da uba. A 1903 aka buga wata takardar jabu a Rasha, wadda ake kira Protocols, wai bayanan taron sirri ne na dattawan Yahudawa kan yadda za su mallake duniya. A 1921 jaridar Times ta Landan ta tona asirinta, ta jera shafi da shafi ta nuna an kwafo ta ne daga wani littafin Faransanci na 1864 da ke sukar sarki Napoleon na Uku, wanda ko ambaton Yahudawa babu a cikinsa. Duk da haka Henry Ford mai motoci ya yaɗa ta a Amurka, 'yan Nazi suka yi ta amfani da ita, ƙarshenta aka hallaka mutum miliyan 6. Tambarin da aka zana a ƙofarku na waɗannan mutanen ne. Kuma ka sani, masu wannan tambarin ba sa ƙaunar baƙar fata, ba sa ƙaunar Musulmi. Wanda ya zana shi ya san ko bai sani ba, ƙofar mutum biyu ya zana wa.

Kada ka ɗauka tsohon labari ne. Ranar 15 ga Janairun 2022 wani mutum daga Ingila ya ƙwanƙwasa ƙofar wata ƙaramar majami'a a garin Colleyville na jihar Texas. Malamin wurin ya ga kamar mai neman mafaka daga sanyi ne, ya buɗe masa, ya haɗa masa shayi. Sai ya zaro bindiga ya yi garkuwa da mutum huɗu kusan awa 11. Buƙatarsa a saki wata fursuna, kuma ya zaɓi majami'a ne don ya yi imani cewa Yahudawa ke juya Amurka, in suka buga waya za a buɗe kurkuku. Har ya sa aka kira masa wata malamarsu a New York don ta ba da umarni. Waya ɗaya, ka ji? Kalmar da aka faɗa maka ita ce ta ɗauko wannan mutum daga wata ƙasa, ta sa ya ɗauki bindiga. A jami'a ma, a ƙarshen Oktoban 2023 wani ɗalibi a Cornell ya rubuta a intanet cewa zai harbe mutane a ɗakin cin abincin ɗalibai Yahudawa, aka kama shi, kotu ta ɗaure shi. Wannan tatsuniya aiki biyu take yi lokaci guda: tana ba azzalumi hujja, tana kuma sa mutanen kirki su naɗe hannu suna cewa ai yana da masu tsaya masa. Kowa ya ɗauka wani babba zai zo, babu wanda ya zo, yaro yana ɗaki shi kaɗai.

Sai batun Gaza. Ba zan ce maka ka rage jin zafinta ba, ni ma ina ji, kuma wanda ya ga gawarwakin yaran nan zuciyarsa ba ta motsa ba ya binciki kansa. Ka yi addu'a, ka ba da gudummawa, ka faɗi ra'ayinka a inda doka ta ba ka dama. Amma abokin zamanka ba minista ba ne, ba janar ba ne, wataƙila ma ko ƙuri'a ba shi da ita a Isra'ila. Ban san ra'ayinsa ba, kai ma mai yiwuwa ba ka sani ba, don Yahudawan Amurka sun rabu sosai a kan wannan yaƙi, wasunsu suna sahun gaba a zanga-zangar adawa da shi. Ko ma mene ne ra'ayinsa, ba a ɓalle ayoyin Attaura daga ƙofar mutum don a hukunta wata gwamnati.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. A ranar Kirsimetin 2009 wani matashi ɗan ƙasarmu ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke zuwa Detroit. Kafin wata ya zagayo an sa Najeriya cikin ƙasashen da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman. Na tsaya a wancan layin a wani filin jirgi, ana zazzage jakata a gaban 'ya'yana saboda laifin wanda ban taɓa gani ba, kuma har yau ina jin ɗacin. Wane ɗan Arewa ne ya zauna a kudu a shekarun nan ba a jefe shi da “Boko Haram” ba? A watan Nuwamban 2023 aka harbi ɗalibai uku Falasɗinawa a Burlington ta jihar Vermont suna tafiya a titi, a Illinois kuma, tun a watan Oktoba, aka kashe yaro Bafalasɗine ɗan shekara 6 a gidan da suke haya. Cutar ɗaya ce, a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba saboda jininsa. Alƙur'ani ya maimaita mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, ya kuma ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Haƙƙin maƙwabci kuwa ba a gindaya masa sharaɗin addini ba, kuma babu maƙwabcin da ya kai wanda kuke girki a murhu ɗaya kusa. Ka gaya wa 'yan'uwan nan namu haka, cikin ladabi, ka ce ni na ce.

To, ga aikin takarda, kuma a nan sai ka daure, don ofisoshinmu suna da jan ƙafa mai ban takaici. Ya ce kada ka faɗa wa kowa, amma ƙofar taka ce kai ma, kana da haƙƙin kai rahoto da sunanka a matsayin mazaunin gidan. Kada ka yi a ɓoye. Ka ce masa za ka kai rahoton ɓarnar ƙofa, ba za ka faɗi halin da yake ciki ba sai da izininsa. In kun ɗauki hoton zanen, madalla. In an goge, ka rubuta ranakun da abin ya faru da abin da ka gani tun kafin ka manta. Ka fara da 'yan sandan makaranta, ka ce musu ɓarna ce da ke da alamar ƙiyayyar addini, ka karɓi lambar rahoto, ka kuma nemi a adana hoton kyamarorin baranda. Wannan na ƙarshen shi ya fi gaggawa, don na'urorin kan goge tsohon hoto bayan 'yan makonni, ku kuma kun riga kun ci uku. Dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa jami'a ta ƙirga irin wannan laifi ta buga a rahotonta na shekara, kuma abin da ba a kai rahotonsa ba, a wurinsu bai faru ba.

Za su nuna maka wani fom a intanet na kai ƙorafin wariya. Ka cika, amma kada ka tsaya a nan, na sha ganin fom ɗin nan ya shiga rami sai amsar na'ura ta dawo. Ka aika imel guda ɗaya zuwa ga shugaban harkokin ɗalibai da ofishin gidaje da ofishin da ke kula da ƙorafin wariya, ka ambaci Sashe na Shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964. Wannan sashe ya hana duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya saboda launi ko asali, kuma tun 2004 ma'aikatar ilimi ta bayyana cewa kariyarsa ta haɗa da waɗanda ake tsangwama saboda asalin kakanni, irin su Yahudawa da Musulmi da Larabawa da mabiya Sikh. Dokar da za ta kare shi yau ita za ta kare ka gobe. Da zarar makaranta ta samu labari a rubuce, nauyin ɗaukar mataki ya hau kanta. In suka ce maganin shi ne a sauya wa yaron ɗaki, to ya zama shi ya so, kada a kwashe wanda aka zalunta a bar azzalumi yana yawo a baranda. Ofishin shugaban ɗalibai kuma zai iya rubuta wa malamansa a ɗaga masa ƙafa kan laccocin da ya rasa, kafin zangon ya lalace masa.

In makaranta ta yi biris, ana kai ƙara ofishin kare 'yancin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180, kuma ba dole sai wanda aka zalunta ne zai kai ba. Sai dai kada ku jingina da shi, a watan Maris na 2025 an rage ma'aikatansa sosai, an rufe 7 daga cikin ofisoshin yanki 12. Akwai layin shawarar lauyoyi kyauta da Hillel da ADL, ƙungiyar da ke yaƙi da ƙiyayyar Yahudawa, da wasu suka buɗe a ƙarshen 2023 don ɗalibai Yahudawa, Hillel ɗin makarantarku za ta haɗa shi da su.

Bizarka kuwa, na san daga inda tsoron ya fito, don a 2025 an soke bizar ɗalibai baƙi da dama kuma kowa ya tsorata. Amma galibi abin da ke karya matsayin ɗalibi shi ne barin karatu, ko aiki ba izini, ko faɗawa cikin laifi. Kai rahoton ɓarnar da aka yi a ƙofar gidanka ba ya cikinsu, kuma doka ta hana makaranta ramuwa a kan wanda ya kai ƙorafi ko ya ba da shaida. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka shiga ofishin ɗalibai baƙi ka tambaya kafin ka aika imel ɗin, minti goma ya ishe ka. Abin da zan hana ka shi ne farautar wanda ya yi da kanka ko sa sunan wanda kake zargi a Facebook, nan ne za ka iya jawo wa kanka.

Ranar Juma'a in ka dawo daga masallaci, ka tambaye shi ko zai je cin abincin daren, ka taka masa har bakin ƙofar gidan. In sati biyu suka wuce makaranta ba ta ba ku amsar mutum ba, ka sake rubuto mini da ranar da ka aika imel ɗin da lambar rahoton 'yan sanda, in nuna maka yadda ake rubuta takarda ta biyu.